Ranar Biya Daban, Ranar Kariya Daban

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta fara bazuwa a Nijeriya, sannu a hankali ta tashi daga abin ƙawa ta koma abin sana'a. A cikinta ɗan kasuwa ya ke karɓar kuɗi, da ita ya ke sallamar abokan ciniki. Bayan da aka bar kasuwa ta yanke wa naira daraja cikin 2023, tsadar wayoyi ta kai matsayin da ƙaramin ma'aikaci kan tara albashin watanni kafin ya mallaki mai kyau guda ɗaya. Ga kuma ɓarayi da masu ƙwace a tasha da bakin kasuwa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da mutane su ka fara sauraron masu tallar inshorar waya, watau yarjejeniyar da mutum zai riƙa biyan ɗan wani abu domin kamfani ya gyara masa ko ya musanya masa idan ta fashe, ko ta faɗa ruwa, ko an sace ta.

To, amma akwai wani sharaɗi a cikin irin waɗannan takardu wanda mai talla ba ya gaggawar ambatarsa, shi ne wa'adin jira. Ma'anarsa ita ce, ko da mutum ya biya kuɗi ya karɓi takarda, kariyar ba za ta fara aiki ba sai bayan waɗansu kwanaki da aka ƙayyade. A Ingila, inda wannan harka ta daɗe da kafuwa, kamfanoni da dama kan sa kwana 14, ko da ya ke waɗansu kan yafe idan wayar sabuwa ce fil. Duk abin da ya sami waya a cikin waɗannan kwanaki, mai ita ne zai ɗauki hasararsa.

Ga misali domin a gane. A ce wani mai sayar da hatsi ya yanki inshora ran 1 ga wata, da sharaɗin jiran kwana 14, sa'an nan aka ƙwace wayar ran 10 ga wata. Kuɗinsa sun shiga, takardarsa na hannu, 'yan sanda sun ba shi shaidar rahoto, amma duk da haka kamfani zai buɗe masa shafin da ya sa hannu ya ce babu abin da ya hau kansa. In ya je gaban hukuma ma, takardar nan ita za a fara dubawa.

Abin da ke ƙara ruɗa jama'a shi ne ƙa'idar nan da dokar inshora ta 2003 ta tanada, wadda Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, ta fara tsananta aiki da ita ran 1 ga Janairun 2013, cewa in ba a biya ba babu kariya. Mutane su kan juya maganar su ɗauka cewa da zarar an biya kariya ta samu. Alhali kuwa biya sharaɗi ne guda ɗaya, sauran sharuɗɗan su na nan a jikin takarda.

In za a yi adalci, kamfanoni su na da hujjarsu. Inshora asusun taron dangi ce: mutum dubu su zuba kaɗan kaɗan domin a ɗauke wa 'yan ƙalilan ɗin da tsautsayi ya faɗa wa. Da a ce kariya kan fara nan take ba tare da an ga waya ba, to, wanda gilashin wayarsa ya fashe da safe zai yanki inshora da azahar, ya kawo kuka da la'asar. In irinsa su ka yi yawa, asusu zai ƙare, ko kuma a ƙara wa masu gaskiya kuɗi. Wannan dalili ne ya sa masu inshorar lafiya ma kan sa wa'adi kafin su ɗauki nauyin haihuwa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, mai gaskiya kuwa shi ke shan jiran da maƙaryaci ya jawo.

Amma fa hujjar ba ta wanke su sarai ba, gama akwai wata hanya. Kamfanin Apple, alal misali, a ƙasashe da yawa ya kan ba mai sabuwar waya kwana 60 ya sayi kariyarsa ta AppleCare+, wanda bai saya tare da wayar ba kuwa sai a duba lafiyarta tukuna. Ke nan ana iya gane wayar da ta riga ta lalace ta hanyar bincike, ba sai an bar kowa a rana mako biyu ba. Kamfanin da ya zaɓi jira maimakon bincike ya sauƙaƙa wa kansa aiki ne, don haka wajibi ne ya faɗi wannan sharaɗi da babbar murya, da harshen da mai saye ya ke ji, kafin kuɗi su bar aljihu. Ɓoye shi cikin ƙananan haruffan Turanci a shafi na biyar cin amana ne, ko da doka ba ta kama kowa ba. Masu takaful, wadda NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, su nauyin ya fi hawa kansu, domin shari'a ta hana cinikin da aka rufe wa ɗayan ɓangare ido a cikinsa.

Shi kuma mai saye, hattara ta rage gare shi. Ya tambayi ranar da kariya za ta fara, a rubuta masa ita da lamba. Ya tambaya ko jiran ya shafi sata kaɗai ne ko har da fashewa, ko kuma ana yafe shi ga wayar da aka yi wa inshora ranar da aka saye ta. Kada ya haɗa inshora da garanti, gama garanti aibin da waya ta fito da shi daga masana'anta ya ke rufewa, ba ruwansa da faɗuwa ko sata. Ya tabbata rasit ɗinsa na ɗauke da lambar IMEI, lambobi 15 ɗin nan da ke fitowa idan an danna *#06#, musamman wanda ya sayi tsohuwar waya a Ikeja ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, domin ba kowane kamfani ke karɓar wayar da ba ta da shaidar saye ba. Ya kuma san cikin awa nawa ake so ya kai rahoto idan abu ya faru.

Wanda ya cika duk waɗannan aka kuma hana shi haƙƙinsa, ƙofar NAICOM a buɗe ta ke ga masu koke. Sai dai mai tambaya ba ya ɓata, kuma tambayar da aka yi kafin a sa hannu ta fi ƙarar da aka kai bayan hari. A cikin kwanakin jira kuwa, mutum ya riƙe wayarsa kamar wanda bai biya ko kwabo ba, domin a wajen kamfani haka ya ke. Allah ya tsare dukiyar bayinsa, amin.