Waiwaye: Dabinon Wane Ne Wannan?

Shafi goma sha ɗaya na rubuta a daren, da fitilar ƙwai, a ɗakin da aka sauke ni a Gure. Ban daɗe da fitowa daga makaranta ba aka turo ni aikin gandun daji, kuma washegari ne zan fara tsayawa gaban jama'a in yi bayanin yadda ake tsayar da tudun rairayi. Wanda ya san ƙasar Muniyo ya san zancen. Ka bar Damagaram ka miƙe gabas a hanyar Diffa, ka wuce Gidimuni da Gidigir, sai ka ci fiye da kilomita 160 kafin ka shiga Gure. Tsakanin tuddan yashin nan akwai kwaruruka masu ruwa kusa, inda dabino da goruba suke, ana noman rogo da rake da albasa, ana ɗibar kanwa. Cin gari da shansa suna cikin kwari. Iskar hunturu kuma kowace shekara sai ta ƙara turo masa yashi.

Ƙauyen da aka tura ni na Mangawa ne. Suna jin Hausar kasuwa, amma zancen gona sai da Barbarci, don haka aka haɗa ni da tafinta, wani dattijo siriri da ya girmi mahaifina. Bulama ya tara mutane a gindin gawo, maza a gaba, mata daga gefe da tulunansu.

Na fara da gaida manyan da ba su ma zo wurin ba, kowa da muƙaminsa. Daga nan na shiga tarihi: yadda Bature Barth ya sauka Gure a Disamban 1852 ya gana da Muniyoma Koso. Na gangaro kan farin 1973 da na 1984, ina ba da labarinsu ga mutanen da suka rasa dabbobinsu a ciki. Na tsallaka Rio a 1992, na dawo Paris a 1994 inda aka ƙulla yarjejeniyar yaƙi da hamada. Kowace jimla na sauke, tafinta ya ɗauka ya juya, minti ɗaya ya zama biyu. Maganar shingen tare yashi da ta kawo ni tana shafi na tara.

Muna Rio mata suka ɗauki tuluna. Maza suka riƙa tashi ɗai-ɗai kamar masu zuwa kama ruwa, ba mai dawowa. Da aka kira la'asar, saura bulama, wanda tashi ba nasa ba ne, da tsofaffi biyu, ɗaya yana gyangyaɗi, sai yara da suka kewaye motarmu.

A hanya na yi ta faɗa. Na faɗi abin da ma'aikata suka saba faɗa in taro ya watse musu: mutanen ƙauye ba sa son ci gaba, sai an raba kuɗin zama suke zama. Dattijon ya bar ni har na gaji, sannan ya ce, "Mushe, wanda kunama ta harba, tarihin kunama yake nema?"

Ban amsa ba. Ya ce, "Taro na gaba ka bar mini farkon."

Bayan mako biyu, a wani ƙauyen, da aka gama gaisuwa (gaisuwar mutanen da ke wurin, wadda har gobe ba na yarda a taƙaita ta) sai ya hana a shimfiɗa tabarma. Ya ce a taka zuwa bakin kwari. Can akwai dabinon da yashi ya haɗiye har wuya, ganyensa kaɗai ke waje kamar gashin wanda ruwa ya ci. Ya tsaya ya nuna shi da sanda.

"Dabinon wane ne wannan?"

Wani mutum ya ce nasa ne, ubansa ya dasa. Dattijon ya tambaye shi inda tudun yake a shekarar da ya yi aure. Mutumin ya haura yashi, ya yi tafiya mai ɗan nisa, ya kafa sanda. Nan gardama ta tashi. Wani ya ce ƙarya ne, tudun ya fi can baya, shi ya tuna don a nan raƙuminsa ya gurfana. Aka ja, aka yi dariya, aka daidaita a kan wani wuri. Aka ƙirga taku daga can zuwa dabinon. Sannan ya yi tambayar da ta kashe dariyar: "To, bayan wannan, lambun wa ke biye?"

Duk ido ya koma kan lambu ɗaya. Mai shi ya sunkuyar da kai.

Sai a lokacin ya juyo ya ce mini da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Ɗana, yanzu faɗi naka. Kada ka buɗe takarda."

Na durƙusa na tara yashi da hannu, na kakkarya ƙiraren kalumbo na jera su a tsaye. Iska na kaɗawa daga arewa maso gabas, ita ta yi mini rabin aikin: kowa ya ga yashi yana zuwa yana kwantawa a gindin ƙiraren. Na ce haka za a yi a kan tudun da kalumbo ko kaba, a gicciye wa iska, a yanka shi gida-gida kamar ramukan dara, don iskar damina daga wani ɓangaren take zuwa. In ruwa ya sauka, wajen bikin dashen itace na 3 ga Agusta, a dasa itatuwa a cikin gidajen. Na yi shiru nan, don ya taka mini ƙafa.

Wata tsohuwa daga baya ta ɗaga murya. Ya fassara: "Ta ce awaki fa?"

Daga baya ya gaya mini da gangan ya tsayar da ni kafin in kai wurin. Ya san maganar dabbobi ita ce ƙashin zancen, tunda tudun da za a killace hanyar kiwo ce ta 'yan gari da Fulani da Tubawa. In ni na kawo ta, doka ce daga ofis. In su suka tambaya, matsalarsu ce suke neman mafita. Har magariba suna kai, ana shawarar wa zai yi gadi, wa zai je ya sami ardo.

Abin da ya ba ni haushin kaina shi ne duk wannan na san shi tun ina yaro. Kakata ba ta taɓa shiga tatsuniya ba sai mun amsa mata cewa ta zo mu ji ta. A tafsirin azumi, mai jan baki ya ja aya, malam ya fassara, murya biyu suna karɓeɓeniya, shi ya sa ake awa biyu ba a ankara ba. Makaranta ce ta koya mini jera magana yadda ake jera rahoto, daga nesa zuwa kusa, alhali mai sauraro daga ƙofar gidansa yake tashi. Yau ina zama a tarurrukan Damagaram da Yamai, an kashe fitila an kunna majigi, mai jawabi yana karanta mana abin da idonmu ke gani a bango, shafi arba'in na PowerPoint, rabin ɗaki yana cikin WhatsApp. Masu shirya jawaban TED minti 18 suke ba mutum, kowane ne shi. Ni a gindin gawo na ci fiye da awa ban kai shafi na tara ba.

Ba duk shingen ƙauyen ne ya tsaya ba. Wani ɓangare awaki suka ci, kamar yadda tsohuwar ta hango, aka sake kafawa a shekara ta biyu. Amma a daren ranar taron dabinon, muna zaune a ƙofar bulama, gawayin shayi ya ƙi kamawa. Dattijon ya miƙo hannu ya ce, "Mushe, ina Barth ɗin nan naka?" Na zaro shafi na biyu na ba shi.