Aiki daga gida: An rage kuɗin mota, nauyi ya koma kan iyali

Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wasu jihohi sun nemi sauƙi ta hanyar rage wa ma'aikata zuwa ofis. Edo ta mayar da ranakun zuwa uku a mako. Legas kuma a Fabrairun 2024 ta bai wa ma'aikatan mataki na 1 zuwa na 14 damar yin kwana biyu suna aiki daga gida, kafin ta soke tsarin a 2025.

An yi lissafin kuɗin mota, amma ba a yi na gida ba. Wuta da data da ofis ke ɗauka sun dawo aljihun ma'aikaci, a daidai lokacin da aka ƙara kuɗin lantarki na rukunin A zuwa Naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, sannan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Asarar lokaci ta fi wannan girma. Ofis yana da ƙarfe nawa ake tashi, gida ba shi da shi. Shugaba kan turo saƙon WhatsApp bayan sallar isha, ɗan'uwa kuma ya yi sallama da hantsi, domin a al'ada wanda ke gida ba a ɗaukarsa mai uzuri. Mace ma'aikaciya ta fi ji a jiki, tunda girki da reno na jiranta a ɗakin da take rubuta rahoto. Haka ɗan kasuwar da ke ciniki ta waya: shagonsa ba ya rufuwa.

Faransa ta fuskanci wannan matsala da doka. Tun Janairun 2017 aka wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe waya bayan an tashi.

Duk hukumar da za ta tura ma'aikaci gida, ya kamata ta rubuta masa sa'o'in aiki, ta biya shi alawus na data, ta kuma auna shi da abin da ya kammala. Shi ma ya ware lambar waya ta aiki, ya sanar da iyali da baƙi lokacin da ba ya ganin kowa. In ba a shata wannan iyaka ba, ba ofis aka rage ba, gida aka mayar ofis.