Idan Na'ura Ta Suma: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwar Kaduna, wadda ke ɗauke da sunan marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, zai tarar cewa kayayyakin lantarki sun ci wani babban sashe na ciniki a cikinta da kuma shagunan da ke kewaye da ita ta wajen titin Ahmadu Bello. Akwai sitabilaiza, da inbata, da fanka mai caji, da sikelin lantarki, ga kuma na'urar POS da ake cirar kuɗi da ita a kowane lungu. Akasarin waɗannan na'urori suna ɗauke da wata 'yar ƙwaƙwalwa baƙa, wadda galibi ba ta wuce girman farce ba. Masana suna kiranta maikurokwantirola, masu gyara kuwa su ce ayisi. Kwamfuta ce sukutum a dunƙule, tana da sashen lissafi, da ma'ajiya, da ƙafafuwa waɗanda take jin abin da ke gudana a waje da su, ta kuma ba da umarni. Tun a shekarar 1974 kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fito da irinta kasuwa.

Wata cuta da aka san waɗannan na'urori da ita ita ce suma. Babu hayaƙi, babu ƙaurin ƙuna, fitila ma tana iya kasancewa a kunne, amma na'ura ta tsaya cik, ko an taɓa maɓalli ba ta amsawa. Maganin da kowa ya sani shi ne a kashe a sake kunnawa, idan abin ya yawaita kuma a kai wa mai gyara ya canja fanel ɗungurungum. Haƙiƙa wannan ɗabi'a tana cinye kuɗin ɗan kasuwa, tana mayar da lafiyayyun kaya bola, mafi muni kuma tana koya wa yara cewa na'ura aba ce mai yin abin da ta ga dama. Alhali kuwa kowace suma tana da dalili, kuma dabarar gano dalilin ita ce dai dabarar binciken kimiyya da ake koyarwa a makarantun sakandare.

Domin a fahimci cutar, sai an san yadda lafiyayyar take. Alal misali, a ɗauki allon Arduino, wanda aka ƙirƙiro a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005 domin koyar da ɗalibai. Samfurinsa mai suna Uno yana ɗauke da ayisi ATmega328P, wadda ke aiki da wuta bolt 5. Tana bin jerin umarnin da aka rubuta mata ɗaya bayan ɗaya, idan ta kai ƙarshe ta komo farko, bisa bugun wani agogo mai bugawa sau miliyan 16 a kowane sakan. Matsayin agogon nan tamkar na 'yan ƙwayoyin halittar da ke saman ɗakin dama na zuciya ne, waɗanda ke tsara bugunta. Duk abin da ya katse wannan kewaye, shi ne ya haddasa suma.

Dalili na farko, kuma wanda ya fi dacewa a fara tuhuma a ƙasar nan, shi ne ƙarancin wuta. Ƙa'idar wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, amma sanin kowa ne yadda take hawa da sauka, musamman lokacin da ake juyawa daga wutar NEPA zuwa ta janareta. Haka nan idan mota mai juya fanka ko famfo ta tashi, takan zuƙe wuta da yawa a lokaci guda. Idan bolt 5 ɗin nan ya faɗi, ko da na ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba ne, ayisi na iya karanta umarni a karkace ta ɓace hanya, kamar yadda mutum kan yanke jiki ya faɗi idan jini ya ragu a ƙwaƙwalwarsa. Masu ƙera ta sun tanadi wani ma'auni a cikinta da zai dakatar da ita har wuta ta daidaita, ana kuwa iya saita shi a bolt 1.8 ko 2.7 ko 4.3. Wanda ya bar shi a 2.7 alhali agogo na gudun miliyan 16, ya bar wani giɓi da na'ura za ta ci gaba da aiki cikin yunwa.

Zafi shi ne ke ƙara wa wannan matsala ƙarfi. Aikin kafasito shi ne ya tara wuta ya cike giɓin da aka ambata, sai dai irin wanda aka fi amfani da shi yana da wani ruwa a ciki da ke bushewa sannu a hankali. Injiniyoyi suna ƙiyasta cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yakan rage rabin kwanansa. Ɗalibin ilimin halittu ba zai yi mamakin wannan ba, domin ya san cewa saurin ayyukan sinadarai a jikin mai rai yakan kusa ninkawa da irin wannan ƙari. Saboda haka inbatar da aka kulle a shago mai rufin kwano cikin watannin Maris da Afrilu, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe mata kafofin shan iska, tana tsufa da wuri. Sau da yawa kafasito guda da ya kumbura ne ke sa a jefar da fanel mai tsada.

Dalili na biyu yana cikin rubutun umarnin kansa, wato cikar ma'ajiya. Ma'ajiyar aiki ta ATmega328P bayit 2,048 ce kacal, kowane bayit kuwa harafi ɗaya yake ɗauka, wanda ke nufin wannan maƙala ma ba za ta shiga ciki ba. Ana cika ma'ajiyar ne ta fuska biyu, wani kaya daga ƙasa yana hawa, wani daga sama yana sauka. Idan mai rubutu ya yi ta tara dogayen saƙonni ba tare da lissafi ba, wata rana ɓangarorin biyu za su yi karo, ɗaya ya rubuta a kan ɗaya, adireshin da ayisi za ta koma ya shafe. Irin wannan na'ura takan yi aiki lafiya na sa'o'i kafin ta suma, shi ya sa ake ɗora laifin a kan abin da bai ji ba bai gani ba.

Dalili na uku shi ne cikar ƙirga. Kamar yadda mitar tafiyar mota ke komawa sifiri idan lambobinta sun ƙare, haka ma'ajin lamba yake. A allon Uno, ma'ajin lamba na yau da kullum ba ya wuce 32,767, idan aka ƙara ɗaya sai ya juye ya zama lambar da ke ƙasa da sifiri. Agogon da ke ƙirga lokaci tun daga kunnawa kuwa yakan koma sifiri bayan kimanin kwana 49 da sa'a 17. Kada a ɗauka ƙananan ɗalibai kaɗai wannan tarko ke kamawa. A 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin da ke sarrafa janaretocin jirgin Boeing 787 za su iya yanke wuta idan suka kwana 248 a kunne ba a kashe ba, sanadin kuwa cikar ƙirga ne. Duk sumar da ke zuwa bayan wa'adi iri ɗaya, to a tuhumi ƙirga.

Dalili na huɗu shi ne jiran gawon shanu. Mai rubutu yakan umarci ayisi ta jira amsa daga ma'aunin zafi ko wani sashe, ya manta bai yanka mata wa'adi ba. Ranar da waya ta saki ko tsatsa ta ci mahaɗi, amsa ba za ta zo ba, ita kuwa za ta yi ta jira har batir ya mutu.

Masu ƙira sun yi wa wannan duka tanadin wani agogon gadi, wanda Turawa ke kwatantawa da kare. Dole ne jerin umarni ya riƙa taɓa shi a kai a kai, idan wa'adi ya cika ba a taɓa shi ba, sai ya sake tayar da na'ura. A ATmega328P wa'adin yana iya kaiwa sakan 8. Wajibi ne a yi amfani da shi, amma matsayinsa na maganin saukar da zazzaɓi ne, ƙwayar cutar tana nan. Labarin kumbon Pathfinder, wanda ya sauka a duniyar Mars ranar 4 ga Yuli, 1997, ya isa misali. Kwanaki kaɗan bayan saukarsa kwamfutarsa ta riƙa sake tashi da kanta, domin wani ƙaramin aiki na auna yanayi yakan riƙe hanyar da babban aiki ke buƙata, har agogon gadi ya ƙosa. Injiniyoyi sun tayar da cutar a jikin wani kwafin kumbon da ke hannunsu, suka duba rajistar abin da ya gudana, sa'annan suka aika da gyara ta rediyo.

Abin da suka yi shi ne abin da ya kamata malami ya koya wa ɗalibi. A rubuta lokacin da suma ta zo da abin da ke kunne a lokacin. A sa wata 'yar fitila ta riƙa ƙiftawa tamkar bugun jijiya, domin a bambance tsayawar ayisi da mutuwar wani sashe. A sa ta riƙa faɗin matakin da ta kai da sauran sarari a ma'ajiya. A auna wuta da mita yayin da mota ke tashi. Ita kanta ayisin tana sanya alamar abin da ya tayar da ita, ko faɗuwar wuta ce ko agogon gadi. Sa'annan a canja abu ɗaya tak a kowane gwaji. Tun a shekarun 1880 Robert Koch ya nuna cewa ba a tabbatar da laifin ƙwayar cuta sai an ware ta an kuma sake haddasa cutar da ita, kuma wannan sharaɗi ya hau kan mai gyara.

Mai gyara a kasuwa yana da hujjarsa, kuma ba ta raini ba ce. Mai kaya yana tsaye a kansa, canjin fanel minti kaɗan ne, bugu da ƙari kamfanoni sukan kulle umarnin da ke cikin ayisi yadda ba mai iya karantawa. Amma wuta da zafi da kafasito da sakin waya duk ana iya bincikarsu ba tare da ganin umarni ba, kuma sabon fanel da aka mayar cikin irin yanayin da ya kashe tsohon, shi ma hanyar zai bi. Sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Kaduna ba ta rasa abin da ake buƙata ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Tudun Wada, ga ofishin Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa da aka kafa a 1977, ga masu sana'ar hannu na Panteka da na Babbar Kasuwa. Ya kamata ƙungiyoyin kimiyya na makarantu su riƙa gayyato gwanayen gyara su nuna wa ɗalibai aikin mita da dalma, malamai kuma su saka musu da bayanin ƙirga da ma'ajiya. Sharaɗi guda shi ne ɗalibai su tsaya ga allunan batir masu ƙaramar wuta, domin cikin inbata da sitabilaiza akwai wutar da ke kisa, wani lokaci ko bayan an zare soket. Yana da kyau kuma malami ya riƙa ba ɗalibai allon da aka saka wa cuta da gangan, ya ba da maki ga wanda ya gano dalilin ya kuma tabbatar da shi da gwaji, domin irin wannan ɗalibi ne gobe zai duba majiyyaci ko gona ko injin masana'anta.