SHARHI: Sola ta cika rufin gidaje, amma layin wutar ƙasa bai shirya karɓar ta ba

Duk wanda ya hau bene a Kano ko Kaduna ya dubi rufin gidaje da shaguna zai ga yadda faranten sola ke ƙaruwa. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya sa janareto ya gagari mutane da dama. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit. Sai kuma Oktoban 2024, lokacin da lalata layin Shiroro zuwa Kaduna ya taimaka wajen barin yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Tun daga nan mai hali ya nema wa kansa mafita.

Sai dai da tsakar rana, idan batirin gida ya cika, ragowar wutar da faranten za su iya bayarwa asara take bi, alhali telan da ke maƙwabtaka yana zaune babu wuta. Abin da ya hana a zuba wannan rarar a layin unguwa ya wuce rashin doka, domin layin kansa ba a gina shi don haka ba.

An tsara layin ƙasa ne wuta ta bi hanya ɗaya: daga manyan tashoshi irin su Egbin, Kainji, Jebba da Shiroro, ta manyan layukan kilobolt 330, a riƙa rage ƙarfinta mataki-mataki har ta iso taransifomar unguwa. Idan gidaje hamsin suka tura wuta baya a lokaci guda, ƙarfinta kan haura ƙima a layin, ya ƙona kayan mutane. Na'urorin da ke yanke wuta idan an samu matsala su ma an saita su ne bisa zaton daga sama kaɗai wuta ke zuwa.

Matsala ta biyu ta fi damun Najeriya fiye da ƙasashen da wutarsu ba ta yankewa. Inbatar da aka haɗa da layin gwamnati dole ta daina tura wuta da zarar an ɗauke, don kada ta hallaka ma'aikacin da ya hau turke yana gyara. A unguwar da ake wuni babu wuta, mai sola ba shi da layin da zai sayar wa rararsa a daidai lokacin da aka fi buƙatar ta.

Na uku shi ne daidaito. Layin ƙasa yana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma dole wutar da ake samarwa ta yi daidai da wadda ake sha a kowane lokaci. Manyan injinan ruwa da na gas, saboda nauyin juyawarsu, kan riƙe layin na 'yan daƙiƙoƙi idan wani abu ya faɗi. Yawancin inbatoci ba sa yin haka. Ga hadarin damina da kan rage wutar sola cikin mintoci, ga ƙurar hunturu, ga magariba da buƙata ke tashi daidai lokacin da rana ta faɗi. A ranar 28 ga Afrilun 2025 Sifaniya da Fotugal sun faɗa duhu gaba ɗaya, kuma binciken gwamnatin Sifaniya ya danganta abin da hauhawar ƙarfin wuta da aka kasa shawo kansa. Idan haka ta faru ga layi mai kayan zamani, namu da ya sha durƙushewa a 2024 yana buƙatar shiri mai yawa.

Akwai kuma rashin gani. Cibiyar kula da layin ƙasa da ke Osogbo ba ta ganin abin da ke kan rufin mutane. Miliyoyin masu shan wuta ba su da mita ko ta talaka, balle mai ƙirga shiga da fita. Wutar da ba a auna ba, babu yadda za a biya kuɗinta.

Barin lamarin haka yana da farashi na siyasa. A Pakistan, inda aka shigo da faranten sola masu yawan gaske a 2024, masu kuɗi da masana'antu sun rage sayen wutar gwamnati, nauyin kula da layin ya ƙara komawa kan waɗanda ba su da halin sayen sola. Idan manyan masu biya a Bompai da Sharaɗa suka juya wa KEDCO baya, kuɗin gyaran taransifomar Kurna da Rijiyar Lemo zai ƙara wuyar samuwa, talaka kuma ya biya da tsada ko ya kwana a duhu.

Akwai hanyar da aka fara gwadawa. Ƙa'idojin hukumar NERC sun halatta ƙananan tashoshin sola masu haɗe da layin kamfanin rarraba wuta, kamar wadda ke garin Toto a jihar Nasarawa: sola da batir su riƙe gari, a karɓi wutar ƙasa idan ta samu. Tunda kamfani ɗaya ke kula da wayoyi da mitoci da batir, unguwa na iya ci gaba da samun wuta ko layin ƙasa ya faɗi.

Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma Enugu, Ekiti da Ondo suka fara karɓa a 2024. Saboda haka, idan gwamna ya zo ƙaddamar da faranten sola, ya dace matasa su tambaye shi: taransifoma nawa aka sauya, mita nawa aka sanya, wace ƙa'ida aka gindaya wa inbatocin da ake shigowa da su, kuma nawa za a biya mai gidan da ya tura rarar wutarsa ga maƙwabta.