Ba a fafe gora ranar tafiya: shawara ga mai niyyar nutso a teku

Wani zai ce mene ne haɗin Badamagare da nutso cikin teku, alhali ruwan sha ma sai an janyo mana shi daga Gogo da Arunguza? Tambayar tana kan hanya. To amma ɗalibanmu suna Dakar, ƴan kasuwarmu suna Jidda, ma'aikatanmu kuma ana tura su taro har Zanzibar. Duk inda suka sauka a bakin teku akwai mai tallan cewa da kuɗi kaɗan zai goya musu tukunyar iska, ya kai su su ga kifi a gidansa. Wanda ya karɓi tayin ba da sani ba, ransa ya sa a caca.

Teku ba baƙuwa ba ce gare mu ɗungum. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa ta Cadi da Sudan, da yawansu a tsibirin Sawakin suka hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Murjanin da iyayenmu mata ke ado da shi kuwa, wanda ayarin Tarabulus ke kawowa zamanin Sarki Tanimun, daga ƙarƙashin teku aka ciro shi. Abin da ke sabo shi ne mutum ya sauka can da kansa yana numfashi. A 1943 ne Jacques Cousteau da injiniya Emile Gagnan, Faransawa biyu, suka ƙera na'urar da ta sa hakan ta yiwu ga kowa.

Shiri daga gida yake farawa, wajen likita. Mai asma, da mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya, da mace mai juna biyu, ruwa mai zurfi ba nasu ba ne sai in likitan da ya san sha'anin ya ce wani abu dabam. Ga mu Hausawa akwai ƙari: amosanin jini, wato sikila. Mai wannan ciwo bai kamata ya yi nutso ba, kuma wanda bai taɓa auna jininsa ba ya auna kafin ya sayi tikiti. Murar hunturu ma, wadda muka raina, tana toshe hanyar da ke tsakanin hanci da kunne. Mai mura in ya matsa ya sauka, dodon kunnensa na iya fashewa tun a mitoci na farko.

Sai iyo. Ƙetare tafkin bayan gari da damina, ko wanka a gefen tafkin Gidimuni, bai isa shaida ba. Makarantun nutso na ƙungiyar PADI suna sa ɗalibi ya yi iyon mita 200 ba tsayawa, sannan ya zauna bisa ruwa minti 10 ba ya riƙe da kome. Karatun digiri na farko yakan ɗauki kwana 3 zuwa 4, takardarsa kuma tana ba mutum izinin sauka mita 18. Ƙungiyar CMAS, wadda aka kafa a Monako a 1959, ita aka fi sani a ƙasashe masu amfani da Faransanci, mataki na farko nata mita 20 ne. Wanda hutunsa kwana biyu ne ya tsaya ga gwajin farko, hannunsa cikin hannun malami, a ruwa marar zurfi. Ba abin kunya ba ne.

A nan zan daɗe, don nan ne ake mutuwa. Kowace mita 10 da mutum ya sauka, ruwa na ƙara masa nauyi daidai da na dukan iskar da ke bisa kanmu a doron ƙasa. A mita 10 ke nan nauyin ya ninka biyu. Wanda ya cika huhunsa daga tukunya a wannan zurfi, ya riƙe numfashi, ya taso, iskar za ta kumbura ninki biyu a ƙirjinsa, huhu ya yage. Yaron tafki ya saba riƙe numfashi, ita ce gwanintarsa. Da tukunya a baya, wannan sabo shi ne abokin gabarsa. Ka'ida ta farko: kada numfashi ya tsaya, ko da na ɗan lokaci.

Ta biyu ta shafi iskar azot, wadda ita ce kusan kashi 78 cikin 100 na abin da muke shaƙa. A cikin zurfi tana narkewa cikin jini da tsoka. In mutum ya taso a hankali, takan fita ta numfashi. In ya taso a guje, sai ta yi kumfa cikin jiki kamar kwalbar lemu da aka girgiza aka buɗe, ta kawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar ƙafafu, ko abin da ya fi haka. Shi ya sa ake tsayawa minti 3 a mita 5 kafin a fito. Shi ya sa kuma ba a hawa jirgin sama nan take: awa 12 aƙalla bayan nutso guda, awa 18 bayan nutso da yawa, masu hattara ma sukan cika yini da kwana. Mun san halinmu na son cinye kuɗin tafiya har ranar ƙarshe. Ranar ƙarshe a bar ta ga sayen tsaraba. Maganin wannan ciwo wani ɗaki ne na ƙarfe da ake matsa iska a cikinsa, saboda haka kafin ka biya ko dala, tambayi mai makaranta inda ɗakin da ya fi kusa yake, da ko akwai iskar oksijan cikin kwalekwalensa. In ya fara kame-kame, ɗauki jakarka. Ƙarancin ruwa a jiki ma na cikin abin da likitocin nutso ke gargaɗi a kansa, don haka mai hikima ba ya haɗa wannan tafiya da watan azumi.

To ina za a nufa? A ganina mai koyo ya fara da Dakar. Kuɗin sefa ne kamar namu, malami zai yi bayani da Faransanci, tsibirin Gore kuma tafiyar kamar minti 20 ce a jirgin ruwa, ga Ngor, ga tsibiran Madeleine. Cibiyar Oceanium ta daɗe tana wannan aiki a can. Sai dai ruwan yana da sanyi daga Disamba zuwa Mayu, kuma ba wurin murjani mai launi-launi ba ne. Mai son irin abin da yake gani a talabijin sai Zanzibar, kewayen tsibirin Mnemba, inda ruwa ke da ɗumi da haske, mutanen kuma galibi Musulmi ne. A kauce wa Maris zuwa Mayu, lokacin manyan ruwan samansu. A nemi biza tun da wuri, a riƙe katin allurar shawara. Tun Oktoban 2024 hukumar Zanzibar ta wajabta wa baƙi wata asirans ta dalar Amurka 44. A karanta ta da kyau, don asirans ta tafiya ba kullum take ɗaukar haɗarin nutso ba. Sawakin ta kakanni kuwa, tun yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, sai a saurara.

Kaya kada su dame ka, ana ba da hayarsu. Abin da ya cancanci saye shi ne tabaran fuska da ya dace da kai; mai gashin baki ya gwada da kyau, ta nan ruwa ke yoyo. Ranar sauka ka dubi agogon tukunya da idonka: cikakkiya tana nuna wajen bar 200, in ta kusa 50 lokacin fita ya yi, kome daɗin kallo. Ba a sauka mutum ɗaya. Murjani kuma dabba ce mai rai, wani irinsa santimita ɗaya ko biyu kawai yake ƙaruwa a shekara. Wanda ya ɓalle reshe don ya kawo wa uwargida, ga ɓarna, ga kuma rigima da ƴan duwan a filin jirgi.