Yaron da ya san Kogin Nilu, bai san Rima ba

A makon jiya wani ɗan zauren nan ya ce sa yara su zana taswirar ƙauyensu ɓata lokaci ne, wai wasan alli ne, gara a ba su abin da zai fito a jarrabawa. Mun ji, amma ba mu yarda ba.

Mu ma haka aka karantar da mu. Mun haddace Nilu da babban birnin Faransa, alhali ba wanda ya taɓa cewa mu zana yadda Rima ta biyo ta Goronyo ta gangaro Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗin Wurno, a can ya rasu a 1837, kabarinsa na nan. An haifi Sardauna Ahmadu Bello a Rabah. Yara nawa ne za su iya ɗora yatsa a kan waɗannan wurare a takarda?

Aikin ba ya cin kuɗi. Bayan kwali, gawayi, sai tambaya ɗaya da yaro zai kai wa kakarsa: me ya sa ake kiran wurin nan haka? Zai dawo da labarin cewa Tungar wane zango ce ta manoma ko masunta kafin ta zama gari, Gidan wane sunan wanda ya fara sare dajin ne, Tsamiya kuwa itace ce da mai yiwuwa an daɗe da sarewa. Inda tsofaffi suka kira fadama, ruwa zai dawo ko ba daɗe, kamar yadda ambaliyar 2010 ta tuna mana. Ko wannan bai isa darasi ba?

Abin da ya fi ci mana rai shi ne wannan. Tun harin Tabanni na 2018, mutane nawa suka kwashe kayansu suka koma Gandi da sauran garuruwa? Akwai yaran da aka goyo daga ƙauyensu, ba su san hanyarsa ba. Ƙananan tungaye da yawa ba sa cikin taswirar waya. Idan tsohon da ya san iyakar gona da wurin rijiya ya rasu a gudun hijira, wa zai nuna musu ranar komawa?

Malamai, ku ba su kwalin. Mu marubuta mu karɓi zanen, mu rubuta sunayen da ƙ da ɗ ɗinsu, yadda masu wurin ke faɗa.