Tambarin Jordan a Ƙafa, Ina Filin Kwandon?

Kusan mako biyu ke nan samarinmu suna ta musu a kan wane takalmi ya fi: Nike, Adidas ko Jordan. Har an kai ga gori, wannan ya ce na wancan ɗan Aba ne, wancan ya ce na wannan gwanjo ne. Mun bi musun daga farko, kuma ra'ayinmu shi ne ana faɗa a kan tambari alhali ba mu da wurin buga wasan da aka yi takalmin dominsa.

Bari mu fara da abin da ya bambanta kamfanonin, tunda shi ake tambaya. Converse ne dattijo a harkar, tun 1917 ya fitar da kambas ɗin All Star, kuma shekaru da dama shi 'yan ƙwallon kwando ke sawa a Amurka. Nike ta saye shi a 2003. Ita Nike ta yi zarra ne bayan ta ɗauki Michael Jordan a 1984, ta fitar da Air Jordan na farko a 1985 kan dala 65. To ga abin dariya ga masu musun Nike da Jordan: gida ɗaya ne, Jordan reshen Nike ne. Adidas da Puma kuma wa da ƙane ne suka kafa su a gari ɗaya a Jamus bayan sun ɓata. Under Armour ta samu shiga da ta ɗauki Stephen Curry a 2013. Daga Caina akwai Li-Ning da ta ɗauki Dwyane Wade a 2012, da Anta da ta ɗauki Klay Thompson, daga baya Kyrie Irving.

A wajen aiki, bambancin na gaskiya yana ƙarƙashin ƙafa. Nike tana sa 'yar jakar iska a cikin tafin takalmi don rage dukan dira. Adidas ta zo da wani soso mai suna Boost a 2013. Sai zanen robar ƙasa da ke hana santsi, da yadda takalmin ke riƙe idon sawu idan ɗan wasa ya juya da gudu. Amma mafi yawan masu tsadar an yi su ne don daɓen katako mai sheƙi na cikin ɗaki, robarsu laushi gare ta. Ka hau siminti da su, wata biyu sun cinye. Shi ya sa Nike take fitar da wasu da roba mai tauri musamman don kasuwar Asiya, inda yara ke wasa a waje, kuma shi ya sa masu wasa a kan siminti suke yabon na Caina. Da a ce wasan muke yi, da musunmu ya koma kan tauri da laushin roba. Sauran bambancin talla ne. Nike ba ta da masana'antar ɗinka takalmi tata, kwangila take bayarwa a Biyetnam da Indonesiya da Caina, kuma wani kaso na kuɗin da mai saye ke biya yana tafiya ne ga sunan ɗan wasan da ke jikin kwalin.

Yanzu mu dawo gida. Takalmin da ke ɗauke da sunan babban ɗan wasa yakan kai dala 150. A canjin naira 1,500 kan dala ɗaya, naira 225,000 ke nan, fiye da albashin wata uku na mafi ƙarancin albashi, wato naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Wa zai ce mana wanda ake shimfiɗawa a kan buhu a kasuwar Funtua ko ta Sheme kan dubu goma sha biyar shi ne wannan? Jabu ne, kuma duniya ta san birnin Putian na Caina da wannan sana'a. Babu jakar iska a ciki, zanenta ne kawai a jikin roba. Yaron da ya yi tsalle da shi a kan daɓe, gwiwarsa ce za ta biya.

Za a ce mana, to mene ne laifin saurayi idan ya yi kwalliya da abin da aljihunsa ya iya? Babu laifi. Mu ma muna son kwalliyar Sallah, kuma masu sayarwa 'yan uwanmu ne da ke neman halalinsu. Abu biyu muke ƙi. Na farko ɗan kasuwar da zai rantse cewa jabu na asali ne don ya ninka kuɗi, wannan ha'inci ne ko a wace kasuwa aka yi shi. Na biyu yaron da zai sayar da buhun masarar da ya yi damina yana wahala a kai, ko ya matsa wa tsohuwa ta sayar da akuya, don kada abokai su yi masa gori a majalisa. Gara gwanjo mai lafiya daga Ƙofar Wambai, wanda mai shi ya san gwanjo ne, da sabon jabun da za a kai wa mai gyara kafin Babbar Sallah.

Waɗanda suka san wasan ma ba su ɗauki tambari yadda muka ɗauka ba. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, Musulmi mai azumi yana buga wasa, ya ci kofin NBA a 1994 da 1995. A lokacin da yake kan ganiyarsa ya sa sunansa a takalmin Spalding da ake sayarwa kan dala 35, hujjarsa kuwa uwa matalauciya mai 'ya'ya uku ba za ta iya sayen na dala 120 ba. Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, da yayansa suna yara a Girka takalmi ɗaya suke karɓa-karɓa a filin wasa. Yau Nike tana buga takalmi da sunansa. Fili ya samu da mai horarwa, takalmin daga baya ya zo.

Ba sai mun je Girka ba. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can ya koyi kwando, kuma shi ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Daga Mairuwa zuwa Zariya bai kai tafiyar awa biyu ba. Gidauniyarsa ta Giants of Africa ta yi alƙawarin gina filaye 100 a Afirka. Kano Pillars tana da ƙungiyar kwando da ta sha cin kofin ƙasa. Matanmu na D'Tigress sun kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olympics ta Faris a 2024, abin da wata ƙungiyar kwando ta Afirka ba ta taɓa yi ba, ta maza ko ta mata. A Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara muna da dogayen yara da in an gan su a Amurka za a bi su da takarda da biro. Wanda ya san filin kwando mai ƙwari da yaran ƙauyukanmu ke shiga kullum, ya nuna mana.

Kowa ya san halin da yankin nan ya shiga. Ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020 ba, kuma mun san ƙauyukan da suka watse suka dawo bakin titi. Yaran da suka baro gona suna zaune a gindin bishiya daga safe zuwa magariba. Ba mu ce kwando zai kawo zaman lafiya ba. Mun ce wurin da matashi zai je da la'asar ya yi gumi, a ƙarƙashin babba mai sa ido, ya fi zaman banza, kuma kwando na cikin wasanni mafi ƙarancin cin wuri. Tsawon fili mita 28, faɗi mita 15, tsayin kwando mita 3.05. Ya shiga harabar kowace sakandare, a cikin katanga, inda iyaye za su yarda 'ya'yansu mata ma su je.

'Yan siyasa sun saba kawo rigunan ƙwallo da kofi idan zaɓe ya matso, a ɗauki hoto a watse. A wannan karon mu roƙi siminti da tsakuwa. Masu walda muna da su, za su haɗa sanda da zobe. Magina muna da su. Rabin fili da kwando ɗaya ma ya isa a fara, tunda wasan mutum uku-uku a rabin fili ake yin sa, kuma tun gasar Tokyo yana cikin Olympics. Muna kira ga ƙungiyoyin ci gaban gari da tsofaffin ɗalibai su sa maganar a zamansu na gaba, wani magini daga cikinmu ya kawo lissafin buhunan simintin da rabin fili zai ci, a ga ko ya kai kuɗin jabun da muka saya a Sallar da ta wuce.